Ƙofar Garajin Yakura

Yakura matar yayana ce. Ni sunana Hinda, ƙanwar mijinta, kuma gidan da nake aure yana kallon nasu a nan Sassumbrum, hanya ce kawai tsakaninmu. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa a kanta da idona na gani.

Babarbariya ce daga wani ƙauye na wajen Dogo-Dogo, gajeriya, baƙa, mai muryar da ta fi jikinta girma. In tana kiran akuyarta a tsakar gida, har masu shan shayi a bakin hanya sukan ji. Tun tana budurwa take sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wajen uwarta ta gada, kuma a kan wannan sana'ar yayana Zubairu ya fara ganinta. Lokacin shi karen mota ne. Ita da bakinta ta gaya mini cewa duk ranar kasuwar Dogo-Dogo sai ruwan inji ya ƙare musu daidai rumfar uwarta, ya zo da jarka yana roƙon ruwa. Ran nan ta gaji ta ce masa, "Kai, ko dai motarku ciwon ƙishirwa gare ta, ko kuwa akwai magana a bakinka. In magana ce ka faɗa, aiki gare ni." Ya faɗa. Daga ranar har yau ba ta taɓa kiran sunansa ba, Direba take ce masa, tun ma kafin ya zama direban.

Allah ya ba su 'ya'ya biyu da suka rayu: Ikram, tana aure a Damagaram, da Alkasim, yana aikin gini a Agadas.

Da Yaya ya samu ya sayi tasa motar, wata tsohuwar bashe fara mai buɗaɗɗen baya, abin da ya fara ginawa shi ne garaji. Ɗakin Yakura ko yaɓe bai samu ba a lokacin, ta kuwa yi ta faɗar haka shekara da shekaru. Dogon ɗaki ne a jikin katangar gidan, da 'yar ƙofa mai shiga tsakar gida, da babbar ƙofar ƙarfe mai murfi biyu tana kallon hanya. Da aka gama sai aka ga ƙarafan da ke saman motar suna gogar saman ƙofa. Maimakon ya rushe ya ɗaga, sai ya haƙe ƙasan garajin ya yi zurfi. Ƙofar kuma ba ta taɓa ƙasa, hannu yana shiga ta ƙarƙashinta. Da damina ruwa yakan shiga ya kwanta, amma wa ya damu? Mota ce a ciki, ita kuwa ta saba da taɓo.

Haka suka rayu. Shi yana zagaya kasuwanni, Magarya, Dungas, Dogo-Dogo, ya kwaso buhunan gero da awaki da mutane duk a haɗe. Ita tana gida tana murza gyaɗa. Ba su cika zama wuri ɗaya ba sai lokacin cin tuwo, a nan ma gardama suke yi, yawanci a kan wanda ya fi wahala a cikinsu.

Wata bazara, ana tsananin zafi, ya dawo daga Magarya da la'asar. Ya sauko zai buɗe garaji, makulli ya suɓuce daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya faɗi. A likita aka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge shi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta zama in ya fara kalma sai ta maƙale masa a harshe. Ya yi makonni a can, Yakura na kwana a tabarma kusa da gadonsa, sannan aka sallamo shi.

Dole aka sayar da motar. Ranar da mai saye ya zo daga Dungas, Yakura ta tare shi a ƙofa ta ce kada ya kuskura ya tayar da inji a nan. Ta sa maza suka tura ta har ƙarshen layi, can bayan masallaci, sannan aka kunna. Ba ta so ya ji ƙarar tafiyarta.

A ɗakin cikin gida aka kwantar da shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a kan hanya, yana ihu yana raha da fasinja, sai ga shi tsakanin bango huɗu. Abokansa sun zo dubiya da farko, amma namiji ba ya shiga gidan wani kullum ya zauna cikin mata. Sai su tsaya a zaure su aiko da gaisuwa. Ya juya fuskarsa bango. In aka kawo koko ya ture da hannun hagu. In na shiga na ce, "Yaya, ya jiki?" sai ya rufe ido kamar mai barci.

Wata safiya na ji ana ta jan ƙarafa a garaji. Na leƙa na tarar da Yakura ta ɗaure ƙugu da gyale tana fitar da tsofaffin kayan mota.

Na ce, "Matar Yaya, haya za ki bayar?"

Ta ce, "Direba zan mayar bakin hanya. Zo ki kama mini wannan."

Ta share, ta shafe bango da farar ƙasa, ta daɓe ƙasan. Ta kunna turaren wuta irin nasu na Barebari don ta kashe warin baƙin mai, amma ya ƙi mutuwa. Mahaifiyarmu, Inna, wadda tsufa ya riga ya kama amma bakinta yana nan da ƙarfinsa, ta zo da sandarta ta tsaya a kanta.

"Yakura, ɗan nawa za ki kai ɗakin mota kamar buhu? Me mutane za su ce?"

Yakura ta durƙusa kamar yadda ta saba yi mata, ta ce, "Inna, mutanen nake so su ce wani abu. A ɗaki ba wanda yake ce masa komai."

Aka ɗauko shi da gadonsa na ƙarfe. Da aka ajiye shi aka buɗe ƙofar nan duka biyu, haske ya shigo, ya yi ta kallon hanya. Ya ja numfashi ta hanci, ya ja kuma. Ina jin warin man nan ne ya gane.

Kafin mako ya zagayo wurin ya samu mutane. Masu kabu-kabu su rage gudu su ɗaga masa hannu. Masu zuwa masallaci su tsaya su gaisa. Wanda ya fi kowa zama shi ne Yunusa, wani Bafillace mai shanu da gona a bayan gari, tsohon amininsa. Kullum ya kawo nono kasuwa sai ya biyo ya shimfiɗa buzunsa. Shi da Yakura kuwa, da yake Fulani da Barebari abokan wasa ne, ba sa haɗuwa su rabu lafiya. Alkasim ya aiko da keken guragu daga Agadas, Yakura ta hana kowa kiransa da wannan suna, ta ce sabuwar motar Direba ce. Da yamma ta ɗora shi ta turo shi waje gindin dalbejiya. Ya fara cin abinci. Magana dai har lokacin babu, sai kai da yake gyaɗawa.

Sai damina ta faɗi.

A rani an zuba jan marmara a hanyarmu, kowa ya yi murna, ba wanda ya lura hanyar ta ɗago sama da bakin garajin. Ruwan farko mai ƙarfi da azahar ya zo, da iska daga gabas. Yakura ta rufe ƙofa ta koma tsakar gida kwashe gyaɗar da ta shanya. Ni ina zaurenmu na ga ruwan hanya duka ya karkata, ja wur, yana tafiya kai tsaye ƙarƙashin ƙofar nan kamar an kira shi. Na yafa buhu na ruga.

Na tarar ruwa ya kai idon sawu. Takalmansa suna yawo, buta ta kife, tabarmar baƙi ta taso sama. Yaya yana kwance a gado yana kallon ruwan yana hawa ƙafafun gadon, ba shi da ikon ko tashi zaune. Bai yi kira ba, ko kuwa ya yi ba a ji ba saboda ƙarar kwano. Yakura ta shigo ta ƙaramar ƙofa, ta tsaya, ta ɗora hannu a ka. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Muka ɗauki tasa da ƙwarya muka yi ta kwarfa muna watsawa tsakar gida har ruwan ya ɗauke.

Inna ta zo da yamma, ta ga taɓo, ta ce magana ta ƙare, a mayar da shi ɗaki yanzu. Yakura ba ta yi musu ba. Ta aika aka kira maza biyu su kama gadon. Suna sunkuyawa, Yaya ya miƙa hannun hagu ya damƙe ƙarfen tagar da ke kusa da kansa. Suka ja, ya riƙe. Bakinsa ya yi ta rawa, sannan ya ce, "A'a."

Inna ta zauna a bakin gadon ta shafa ƙafarsa. Yakura ta juya ta ce wa ƙofar, "To, ni da ke ne."

Ta fara da abin da kowa yake yi. Ta murɗa tsummoki da tsofaffin buhuna ta cusa a ƙarƙashi. Ruwa ya jiƙa su ya bi ta ciki ya wuce, suka bar wari, kuma wata safiya da ta ɗaga ɗaya ta samu kunama a kwance. Ta koma buhunan yashi. Waɗannan sun tare ruwa ba laifi, amma duk wanda ya taɓa ɗaga buhun yashi jiƙaƙƙe ya san abin da nake nufi. Hadari ya taso ta jera su, ya wuce ta janye su don keken ya fita, wani lokacin hadarin ma ya watse ba ɗigo. Bayanta ya fara ciwo, ta riƙa tafiya a karkace tana cewa ba komai.

Yunusa ya ce shi ya san magani. Ya kawo kashin shanu a amalanke, aka kwaɓa da laka da ƙaiƙayi, ya yi mata 'yar ganuwa a bakin ƙofa, ya shafe ta sumul yana ta cika baki. Ruwa na gaba ya narkar da ita ya shigo da ita ciki gaba ɗaya. Da ya zo washegari Yakura ta tare shi da tsintsiya a hannu.

"Sannu, ɗan Fillo. Da ruwa kaɗai ke shigo mana, yanzu ka haɗa mana da garkenka."

Ya ce, "Ke Babarbariya, taki na kawo miki kyauta, ki shuka masara a ƙarƙashin gado."

Na ji wani sauti daga gadon. Yaya ne yake dariya da rabin baki, har da hawaye.

Daga nan Alkasim ya bugo waya ya ce a daina wasa, a kira magini. Aka kira Modu. Modu mutum ne mai aiki da gaskiya, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Aka ce ya tare ruwa, ya gina dakali na siminti a bakin ƙofa, tsayin taƙi guda, mai kaifin baki. Ruwa ya zo ya tsaya a waje. Muka yi ta murna. Amma keken ba ya hawa. Sai an samu maza sun ɗaga shi da mutum a ciki, kuma ba kullum ake samun maza ba.

Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci mutane sun taru gindin dalbejiya suna jiransa. Yakura ta ga ba ta son ta roƙi kowa, ta jingina katako a kan dakalin ta turo keken da ƙarfi. Katakon ya zame. Keken ya tuntsura, Yaya ya faɗi rubda ciki a gaban jama'a, hularsa ta gangara, rigarsa ta yaye. Bai ji ciwo sosai ba, goshi ne ya ɗan ƙuje. Amma da aka mayar da shi gado ya nuna a rufe ƙofa. Washegari ma haka. Yunusa ya zo ya yi sallama, ya ƙi amsawa.

Yakura ta zo gidana ta zauna a kan turmi. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce a gaban mutane. Ta ce, "Hinda, na tare ruwa na kulle mutum. Ni na kayar da shi da hannuna."

Na ce, "Tsautsayi ne, matar Yaya."

Ta ce, "Ara mini gudumar mijinki."

Da hantsi ta buɗe murfi ɗaya, ta zauna dirshan a ƙasa da guduma da wani guntun ƙarfe, ta fara fasa dakalin Modu. Ba ta iya ba. Ƙarfen yana ta zamewa, ta bugi yatsanta ta yi salati ta ci gaba. Ina tsaye ina ba ta haƙuri sai muka ji ana buga gado. Yaya ne da hannun hagu, ya juyo yana kallonta, ransa a ɓace, irin kallon da yake yi wa karen mota in ya riƙe sifana a juye.

Ya ce, "Ta... taya."

Ta ce, "In taya ka me? Juyawa za ka yi?"

Ya girgiza kai. "Taya!"

"To ai ga Hinda tana taya ni."

Ya bugi gadon har ya yi ƙara, ya ɗaga hannu ya nuna sama. A jikin azara akwai wata tsohuwar tayar bashen da ya rataye tun shekarun baya, ba wanda ya tuna da ita. Yakura ta kalli tayar, ta kalle shi, ta fashe da dariya har ta kwanta a ƙasa.

"Tayar mota! To Direba ai sai ka ce tayar mota!"

Ya harare ta ya ce, "Na... faɗa."

Ya sa aka zuba masa yashi a faranti aka ɗora masa a cinya. Da yatsan hagu ya yi zane, ya goge, ya sake. Aka daɗe kafin mu gane, muna ta canka yana ta tsaki. Abu uku yake nufi. Kada a fasa dakalin duka, a rage masa tsayi a kwantar da shi gaba da baya kamar bayan jaki, yadda keke zai hau ya sauka. A yanka tayar a fitar da doguwar roba a ɗaure ta a gindin kowane murfi, ta riƙa shafar dakalin in an rufe. Sannan a haƙa lambatu a gaban ƙofa, don yawancin ruwan ya samu hanyarsa tun kafin ya iso.

Aka dawo da Modu. Da ya ji an fasa masa aiki ya ɗan ɓata rai, amma da ya ga goshin Yaya sai ya tuɓe riga ya kama. Aka kira Mansur mai walda ya zo da injinsa a kan amalanke. Ranar ƙofa a buɗe ta wuni, don ba yadda za a yi aiki a rufe, kuma Yaya bai ce a rufe ba. Ya sa aka matso da shi a keke har bakin aikin. Mansur ya yanko roba, ya ce, "Kauri." Aka fere. Aka kawo ƙusoshi, ya ce, "A'a. Bulon." Sai da aka samo ƙarfe mai faɗi aka danne robar da shi, aka huda aka ɗaure da bulon ɗin, wato ƙusa mai noti. Yakura tana tsaye a kansa tana fassara wa masu aiki, rabi abin da ya faɗa, rabi abin da ita take so. Da ya gane haka ya ce, "Ƙarya!" da ƙarfi, kalmar ta fita tas ba gargada. Mansur ya ajiye abin walda ya yi ta dariya.

Lambatun ne ya fi wuya, don ruwan da ka kora daga ƙofarka ƙofar wani zai nufa. Yakura ta san haka. Ta soya ƙuli mai zafi ta ƙulla a leda, ta bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya har zuwa gangaren da ke kaiwa tabki. Ba roƙo ta yi ba, ta nuna wa kowa inda ruwan yake cin gindin katangarsa shi ma. Wani tsoho ya ƙi, ya ce shi ba a taɓa masa ƙofar gida. Ta koma wajensa har ya gaji da ganinta ya ce su yi abin da za su yi. Maza suka fito da sungumi da shebur suka ja lambatu ɗaya tun daga sama har ƙasa. A gaban garajin Mansur ya jera tsofaffin ƙarafan mota ya rufe shi don keke ya bi ta kai.

Da aka gama aka rufe ƙofa, Yunusa ya tsaya a waje yana watsa ruwa da bokiti, mu muna ciki muna kallo. Ruwa ya tsarto ta tsakiya, inda murafan biyu suke haɗuwa. Yaya ya yi wata kalma da ba zan maimaita ba, ita ma tas ta fita. Aka ƙara guntun roba a murfi ɗaya ya hau kan ɗayan. Aka sake watsawa, bai shigo ba.

Sai kuma ruwan sama ya ɗauke. Gero ya fara murɗewa a gonaki, aka fita roƙon ruwa, hankalin kowa ya tashi, ba wanda yake ta ƙofa. Yakura ma tana da 'yar gonar gyaɗa, kullum da safe sai ta fito ta dubi gabas. Da Allah ya kawo shi, da la'asar ya zo, mutane suna zaune wajen Yaya. Ba wanda ya samu guduwa gida. Aka turo keken ya hau bayan jakin nan ya sauka lafiya, aka ja ƙofa, mu mata muna bakin ƙaramar ƙofa, mazan suna kan tabarma. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna jin lambatu yana gudu a waje. Kowa ya zuba wa gindin ƙofa ido.

Can sai ga wani siririn zare na ruwa ya ɓullo ta kusurwar hagu, wajen maratayin ƙofa, yana rarrafe a hankali. Yakura ta ɗauki tsumma ɗaya ta jefa masa. Ya tsaya a nan.

Yunusa ya ce, "Kash, Babarbariya, an ci ki."

Yaya ya ɗaga hannu ya ce, "Wannan... baƙo ne. A bar shi."

Har yau kusurwar nan tana ɗan yoyo, an yi an yi ta ƙi, kuma ba wanda ya ƙara damuwa da ita.

Damina da yawa sun wuce tun lokacin. Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yaya yana nan. Hannun dama bai dawo ba, amma yana magana, a hankali, kuma in aka riƙe shi yakan taka daga gado zuwa keke. Masu kabu-kabu sukan tsaya su murɗa masa inji ya saurara ya gaya musu abin da yake zato, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure su yi ta gardama. Yakura ta dawo da kaskon suyarta kusa da ƙofar, tana aiki tana sa baki a hirar maza ba tare da an gayyace ta ba.

Bana zazzaɓin sauro ya kayar da ita, karo na farko da na ga ta kwanta da rana. Na ce ta dawo gidana in yi jinyarta, ta ƙi, ta ce a sa mata katifa a garaji inda za ta riƙa ganinsa. Ran nan na tafi karɓo mata magani, ina dawowa hadari ya haɗo, iska ta fara ɗaga ƙasa. Na tuna na bar ƙofa a buɗe, ba kowa a wajensu. Na ɗaga ƙafa.

Da na shawo kwanar layin sai na hango murfi ɗaya a rufe. Yaya yana cikin keke a bakin ƙofa, ya maƙalo ɗaya murfin da kan sandarsa yana ja, keken yana zamewa, ya tokare da ƙafar hagu ya sake ja. Gumi ya jiƙa masa riga. Daga ciki ina jin muryarta, ta dushe da zazzaɓi amma tana nan.

"Ba haka ba, Direba. Na dama ake fara rufewa, robar ta hau."

"Na sani."

"Ka sani ka fara da na hagu?"

"Kwanta... ki yi shiru."

Na tsaya a gindin dalbejiya da magani a hannu, ɗigon farko yana faɗo mini a ka. Ban ƙarasa ba sai da na ga ya tura na hagun ya buɗe, ya jawo na dama, ya sake jawo na hagu, na ji sakata ta faɗa. Sannan na zagaya ta cikin gida na shiga. Na tarar ya turo kekensa har gefen katifarta yana haki, yana ƙoƙarin ja mata bargo da hannu ɗaya, ita kuwa tana gaya masa ya ja ya rufe mata ƙafa, ba fuska ba.